Shin da gaske ne shari'ar ƙwaya ba ta da beli?

Tambaya daga wani dattijo a Kano: "Ɗana direba ne, yana jan motar kaya tsakanin Legas da Kano. Jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, sun tare shi a hanya, suka samu katan-katan na taramol a ƙarƙashin kayan da aka yi masa lodi. Ya rantse mini bai san da su ba. Yau sati uku ke nan yana tsare. Wasu sun ce mini shari'ar ƙwaya ba ta da beli, wani kuma ya ce in kawo kuɗi zai san yadda za a yi. Wanne ne gaskiya?"

Baba, Allah ya ba ku haƙuri, ya kawo mafita. Duka maganganun biyu babu ta ɗauka. Shari'ar ƙwaya tana da beli a dokar Najeriya. Shi kuma mai cewa ku kawo kuɗi, ku riƙe kuɗinku, domin akwai inda za ku buƙace su nan gaba, kuma ba hannunsa ba ne.

Na san inda maganar "babu beli" ta samo asali. Masu shekarunku ba su manta da dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ba, wadda a ƙarƙashinta aka harbe mutum uku a Legas a watan Afrilun 1985 saboda laifin ƙwaya. Ga kuma labaran kisan masu safarar ƙwaya da ke zuwa daga Saudiyya. Amma dokar da ke aiki yau daban ce. Ita ce dokar NDLEA, wadda ta fara a matsayin dokar soja mai lamba 48 ta 1989, kuma babu hukuncin kisa a cikinta. Sashe na 11 ya tanadi ɗaurin rai-da-rai ga wanda ya shigo da hodar ibilis da makamantanta, ko ya yi safararsu, ko ya sayar. Wanda aka samu da su a hannunsa yana sane kuwa, shekara 15 zuwa 25 ne, kamar yadda sashe na 19 ya ce. A irin waɗannan sassa ake gurfanar da masu taramol mai ƙarfin miligiram 225, wanda ya wuce 50 da 100 ɗin da aka amince a sayar da takardar likita. Hukunci ne mai nauyi ƙwarai. Sai dai a maganar beli, tsakanin rai-da-rai da kisa akwai tazara mai yawa.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda mu lauyoyi ke kira ACJA, ta raba abin. Sashe na 161 na laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma a nan ba a ba da beli sai da wani dalili na musamman, kamar ciwo mai tsanani ko jinkirin da ya haura shekara. Sashe na 162 kuwa na laifin da hukuncinsa ya wuce ɗaurin shekara uku ne, kuma nan ɗanku ya faɗo. Abin da sashen ya ce shi ne, in ya nema a ba shi, sai fa in akwai dalili mai ƙarfi na zaton cewa zai sake aikata wani laifin, ko zai gudu, ko zai tsorata shaidu ko ya saye su, ko zai ɓatar da hujja, ko zai kawo cikas ga bincike da tafiyar shari'a. Wato bayarwa ita ce asali, hanawa ce take buƙatar hujja. Tushen wannan yana sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar a gaban kotu. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran da zai mayar da hukuncin safarar ƙwaya kisa, daga baya da aka daidaita da Majalisar Wakilai aka koma kan rai-da-rai. Da an tafi a kan kisan, da irin ɗanku sun koma ƙarƙashin sashe na 161, da kuma amsar da nake ba ku yau ta canja gaba ɗaya.

Kun ce sati uku yake tsare. Abu na farko da za ku bincika gobe da safe shi ne: an kai shi gaban alƙali kuwa? Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a cikin tazarar kilomita 40, in babu kuma kwana biyu. Idan masu bincike suna son ƙarin lokaci, sai sun samo umarnin tsarewa daga kotu, wanda ACJA ta ce kada ya wuce kwana 14 a karon farko, kuma ba a sabunta shi sai an nuna dalili. Ku sa lauya ya nemi ganin wannan takarda. In babu ita, babu kuma takardar tuhuma, yana da damar shigar da ƙarar neman 'yancin ɗan'adam, kotu ta ce ko dai a gurfanar da shi ko a sake shi. Sau da dama shigar da wannan ƙara kaɗai kan sa a gaggauta kai mutum kotu. Ita ma hukumar tana iya ba da belin kanta kafin a kai ga kotu, kuma wannan kyauta ne, amma kada ku sa rai da shi sosai in kayan suna da yawa.

Kotun da za ta saurari shari'ar ita ce Babbar Kotun Tarayya, ita kaɗai dokar ta ba wa wannan hurumi. Ba majistare ba, ba kotun shari'ar Musulunci ba, ba babbar kotun jiha ba. Ta Kano tana Gyaɗi-Gyaɗi, amma in a wata jiha aka kama shi, mai yiwuwa can za a gurfanar da shi, kuma wannan yana da tasiri a kan masu tsaya masa, zan zo kansa.

Ranar gurfanarwa za a karanta masa tuhuma, a tambaye shi ya amsa ko bai amsa ba. In ya ce bai aikata ba, sai lauyansa ya gabatar da buƙatar beli, galibi a rubuce, haɗe da takardar rantsuwa. Lauyan hukuma shi ma ya kawo tasa takardar rantsuwar ta suka. A kan waɗannan takardu biyu alƙali yake yanke hukunci, ba a kan kukan iyaye a harabar kotu ba, ba kuma a kan iya bakin lauya ba. Shi ya sa nake jin takaici in na ga takardar da aka kwafo daga ta wani, aka canja suna kawai. Takardar ɗanku ta faɗi ko shi wane ne: gidan da aka haife shi, shekarun da ya yi yana tuƙi, tashar da yake lodi, matarsa da 'ya'yansa in yana da su, cewa ba a taɓa kama shi da wani laifi ba in haka ne, da sunayen mutanen da suka yarda su tsaya masa. A haɗa da takardar lodin kayan, da shaidar ƙungiyar direbobi, da duk abin da zai nuna wanda ya ba da kayan da wanda za a kai wa. Kada a saka ƙarya ko ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma lauyan hukuma in ya kama guda, sauran gaskiyar ma ta zube.

Abin da alƙali yake aunawa Kotun Ƙoli ta zayyana shi tun 2001 a shari'ar Janar Ishaya Bamaiyi: girman laifin, ƙarfin hujjar da ke gaban kotu, tarihin wanda ake tuhuma, yiwuwar ya sake aikatawa ko ya taɓa shaidu, da kuma, sama da komai, ko zai dawo ya fuskanci shari'a. A shari'ar ƙwaya nan ɗin ne gizo ke saƙar. Alƙali yana tambayar kansa: mutumin da ke fuskantar rai-da-rai, in na sake shi, me zai dawo da shi? Gwargwadon yawan kayan da aka kama, gwargwadon nauyin wannan tambaya, domin wanda zai iya tura kwantena yana da kuɗin da zai tsallaka iyaka, yana kuma da yaran da za su ziyarci shaidu. Amsar ɗanku ita ce shi ba mai kaya ba ne, direban haya ne wanda duk duniyarsa tana unguwa ɗaya. Maganar ya sani ko bai sani ba, sai an zo sauraron shaidu za a warware ta, ba ranar beli ba. Amma in takardun hukumar kansu sun nuna kayan a rufe aka ba shi, akwai sunan mai turowa, wannan yana rage ƙarfin zaton guduwa, kuma lauya mai lura zai nuna wa kotu.

Mutane na yawan garzayawa ga hujjar rashin lafiya. Tana aiki, amma ba yadda ake zato ba. Tun shari'ar Mohammed Abacha ta 2002 kotuna suke neman a nuna, da rahoton likita, cewa ciwon na gaske ne kuma ba za a iya kula da shi a inda mutum yake tsare ba. Faɗin cewa yana da hawan jini ko olsa kawai ba ya buɗe ƙofa.

Akwai shari'ar da kusan kowa a Arewa ya bi, kuma tana koyar da abubuwa da yawa: ta Abba Kyari, wanda a lokacin yake da muƙamin mataimakin kwamishinan 'yan sanda. An miƙa shi ga NDLEA a watan Fabrairun 2022, aka gurfanar da shi da wasu a watan Maris gaban Mai Shari'a Emeka Nwite a Abuja, kan tuhumar da ta shafi hodar ibilis kilo 21.35. Ya ce bai aikata ba. A ƙarshen watan alƙali ya ƙi ba da beli, ya ce hukumar ta kawo abin da ya isa a ƙi, ya ba da umarnin a gaggauta shari'ar. Bayan harin gidan yarin Kuje na watan Yulin 2022 aka sake nema, aka kafa hujja da cewa ga dama ta samu bai gudu ba, kotu ta sake ƙi. Sai a watan Mayun 2024, bayan rasuwar mahaifiyarsa, aka ba shi belin sati biyu a kan naira miliyan 50 don ya je gida. Ba ina maganar ya yi ko bai yi ba, wannan na kotu ne. Abin da nake so ku gani shi ne, a cikin wannan shari'a ɗaya, mutum biyun da aka kama da hodar a filin jirgin saman Enugu sun amsa laifi, a watan Yunin 2022 aka yanke musu shekara biyu, lissafi daga ranar da aka kama su. Waɗanda suka ce ba su yi ba kuwa, sun haura wannan shekara biyun a tsare suna jiran shari'a.

Wannan ne abin da ya fi damuna a aikin nan, kuma shi ne abin da za ku ci karo da shi. Da zarar an ƙi beli, ko an ba da wanda ba zai ciku ba, za a fara raɗa wa ɗanku cewa ya amsa kawai. Za a ce masa wane ya amsa an ba shi shekara ɗaya da rabi, wane an ba shi zaɓin tara, ga shi kai kana nan. Kuma ba ƙarya suke yi ba, a aikace alƙalai sukan sassauta wa wanda ya amsa, musamman in karonsa na farko ne, kuma zaman da ya yi a tsare yana shiga lissafi. Na zauna da samari a ɗakin ganawa na gidan yari suna rantse mini da Allah ba su san abin da ke cikin buhu ba, suna kuma roƙona in bar su su amsa, don uwa ba ta da lafiya, mata ta haihu, babu mai cefane. Ba ni da ikon hana su, domin zaɓin na wanda ake tuhuma ne, ba na lauya ba, ba na uba ba. Amma wajibi ne ya san abin da yake saye. Amsa laifin safarar ƙwaya tabo ne da zai bi shi duk inda ya je neman aiki ko biza, yana iya jawo a ƙwace motar, kuma babu wanda zai iya yi masa alkawarin adadin shekarun da alƙali zai faɗa, sai in an yi yarjejeniya a rubuce ƙarƙashin sashe na 270 na ACJA kuma kotu ta karɓa. In da gaske bai sani ba, ni ba zan ba shi shawarar ya ɗauki laifin wani ba. Abin da zan yi shi ne in yi iya ƙoƙarina ya samu belin da zai ba shi damar kare kansa yana waje.

To a ce an ba da belin. Tsugune ba ta ƙare ba. Za ku ji alƙali ya ce, misali, naira miliyan kaza da mutum biyu masu tsaya masa. Kada gabanku ya faɗi da jin adadin. Galibi ba kuɗi ne za ku ƙirga ku ajiye ba, alkawari ne a rubuce cewa in ya gudu za a biya, ko da yake sashe na 165 na ACJA ya ba kotu ikon cewa a ajiye wani abu in ta ga dama. Wahalar tana wajen siffar masu tsayawar. Akan ce sai mai gida ko fili a cikin hurumin kotun, da takardar mallaka ta gwamnati, da shaidar biyan haraji, wani lokaci a ce sai ma'aikacin gwamnati mai babban matakin albashi. Sannan ma'aikatan kotu su je su ga gidan da idonsu, a tantance takardun, a karɓi fasfo ɗin wanda ake tuhuma in yana da shi. Direba daga Kurna ko Rijiyar Lemo, ina zai samo darakta? In kuma a Lakwaja ko Ilori aka gurfanar da shi, wa ya sani a can mai takardar gida? Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan: takardar beli tana cikin fayil, mutum yana cikin kurkuku. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali na ƙasar nan masu jiran shari'a ne, kuma a cikinsu akwai waɗanda an ba su beli tuntuni, sharuɗɗan ne suka gagara.

Wannan ma yana da magani a doka. Shi wancan sashe na 165 ya ce kada sharuɗɗa su wuce kima. A 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Kanar Sambo Dasuki, ta cire sharaɗin kawo ma'aikacin gwamnati mai mataki na 16 da ke da kadarar naira miliyan 100 a Abuja. Lauyanku yana iya komawa gaban alƙalin ya nemi a sassauta, ya nuna ƙoƙarin da aka yi aka kasa, ya gabatar da waɗanda ake da su a zahiri: ɗan kasuwa mai shago a Kwari ko Singa, shugaban tashar da yake lodi, mai unguwa, kawu mai gidan kansa. Ya kuma roƙi a karɓi masu tsayawa daga Kano ko da a wata jiha ake shari'ar. Ku sani kuma mace tana tsayawa. Sashe na 167 ya hana a ƙi mutum don kawai mace ce, saboda haka in mahaifiyarsa ko yayarsa ce mai takardar gida, babu mai ikon mayar da ita.

Ku guji masu tsayawa na haya, waɗanda za su tare ku a bakin kotu su ce suna da takardu. In aka gano na jabu ne, belin ya rushe, wata sabuwar tuhumar kuma ta taso.

Yanzu kuma sai in faɗa muku mai ɗaci, Baba, tunda amana ce. Tsaya wa mutum ba alfarma ce ta baki ba. A watan Nuwamban 2020 Sanata Ali Ndume ya kwana a Kuje saboda ya tsaya wa Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, a kan naira miliyan 500, Maina ya daina zuwa kotu, sai daga baya aka kamo shi a Nijar. In hakan ta faru da sanata mai ci, ba za a ƙyale ɗan kasuwar Kwari ba. Duk wanda za ku roƙa ya tsaya wa ɗanku, ku gaya masa gaskiyar abin da ake tuhumarsa da shi da abin da zai iya rasawa. Ku kuma zauna da ɗan naku ku kalli idonsa. In zuciyarku ta raya muku cewa zai gudu, kada ku jefa gidan wani a ciki. Mai tsayawa ma yana da damar zuwa kotu ya ce ya janye in ya ga take-taken da bai yarda da su ba.

Ba na zargin alƙalan da ke taka-tsantsan. Ni ma a garin nan nake, na ga abin da taramol da kodin suka yi wa samari da matan aure, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano, a rahotonsa na 2018, mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a Najeriya. Alƙalin da ya ga katan ɗari a gabansa yana ganin gidajen da za su shiga. Inda na saɓa da yadda ake yi shi ne, sharaɗi mai tsauri ba ya kama wanda aka yi shi dominsa. Mai kwantena zai kawo darakta biyu da takardar gida a Maitama kafin la'asar. Wanda ke makalewa shi ne direba, da yaron mota, da mai gadin sito. Abin da ya kamata a auna shi ne abin da zai dawo da wannan mutumin kotu, kuma ga irin ɗanku, mai unguwa da shugaban tasha sun fi darakta sanin inda za a same shi.

In aka ƙi belin gaba ɗaya, ku sa lauya ya karɓi kwafin hukuncin, ya ga dalilin da aka bayar. Ana iya sake nema in wani sabon abu ya faru, kamar an kammala jin manyan shaidun hukuma, ko an kama ainihin mai kayan, ko shari'ar ta yi ta jan ƙafa ba da laifinsa ba. Ana kuma iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. A lokaci guda ya riƙa tuna wa kotu sashe na 396 na ACJA, wanda ya ce a yi shari'a kullum-kullum, in ba zai yiwu ba kada kowane ɓangare ya wuce ɗagewa biyar. Ku lura da kalanda: Babbar Kotun Tarayya tana tafiya dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, amma ana barin alƙalan hutu da ke sauraron abubuwan gaggawa, kuma beli yana cikinsu. In kuɗin lauya ya fi ƙarfinku, ku je ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya, ko ku tambayi reshen ƙungiyar lauyoyi na Kano game da masu yin aiki kyauta.

Kafin ku ga lauyan, ku tattara takardar lodi, da lambar wayar wanda ya ba shi kayan, da sunan wanda ya yi lodin a tasha, da takardun motar. Ku aika wa ɗanku cewa kada ya sake sa hannu a kan wani bayani sai lauyansa yana wurin, in kuma ba ya jin Turanci sosai ya nemi tafinta, haƙƙinsa ne. Sannan tun yau ku fara magana da mutum biyun da za su tsaya masa, su nemo takardun gidajensu da na harajinsu da hotunansu, don ranar da alƙali ya faɗi sharuɗɗa a same ku a shirye.